Mota Biyu da Rabi

Shida saura kwata, ina tsaye kan gada,
yayyafin São Bernardo na ratsa mini riga.
A hannun dama 'yar na'urar ƙirge,
a hagu gahawa da ta riga ta huce.

A ƙasana hanya biyu ke zama ɗaya.
Na reshe suna roƙon shiga da 'yar wutar gefe,
na kan Anchieta suna kau da kai,
kowa ya manna hancinsa a gindin na gaba
sai ka ce in ya bar taku guda, gādo ya bari.

Dona Nilza ta ofis ce ta koya mini lissafin:
"Jurema, tirela ba mota ɗaya ba ce.
Rubuta biyu. In akwai hawa, biyu da rabi."
Na rubuta. Takarda ba ta gardama.

Ga wata ja, doguwa, cike da waken soya,
Santos ta nufa, inda jirgin ruwa ke jira.
Ta iso bakin mahaɗa, aka tsare ta.
Ta yi huci, ta tsaya.
Tsayuwa ba wuya, tashin ne aiki:
giya ɗaya, nishi,
giya biyu, hayaƙi,
kamar tsohuwar da ta daɗe a tabarma
tana neman bangon dafawa.

Kafin ta miƙe, fili ya buɗe a gabanta.
Wata farar mota ta gani, ta yi wuf.
Ta biyu ta bi. Babur ya kutsa.
Sai birki.
Jajayen fitilu suka kama, ɗaya na kunna ɗaya,
suna komawa baya, baya,
har inda idona ba ya kaiwa.
Can wata da ba ta taɓa ganin wannan tirela ba
za ta makara ɗaukar aikin asibiti,
ta zagi gari, ta zagi ruwan sama,
ba ta san wanda za ta zaga ba.

Na san filin nan. Mahaifina, Aristides,
shekara talatin da ɗaya yana jan irinta.
Yakan jera cokula a teburin cin abinci,
babba a baya, ƙanana a gaba,
ya sa yatsa a tsakani ya ce:
"Wannan ba wurin banza ba ne, yarinya.
Birkina ne. Ran wani ne na ajiye a nan,
shi kuma yana ganin kyauta ya tsinta."
Gwiwarsa ta hagu kuloci ya cinye.
Yanzu tsallaka ɗaki ma sai ya yi giya ɗaya, giya biyu.

Ban san sunan direban jar ba.
Gwiwar hannu kawai nake gani a taga
da carbin katako na lilo a madubi.
Na ga ya ɗaga ƙafa, ya ƙyafta fitila sau biyu:
shiga.
Wata tsohuwar bas ta shiga.
Na bayansa, ko kunya ce ko gajiya,
ya bar guda shi ma.
Ɗaya daga nan, ɗaya daga can,
kamar haƙoran zik mai rufuwa a hankali.
Titin ya sha iska.
Na duba agogo: minti ɗaya da daƙiƙa arba'in.

Sai wani mai gaggawa ya yanko ta kafaɗar hanya,
komai ya koma yadda yake.

A takardata akwai gidan manyan motoci,
gidan ƙanana, gidan babura,
gidan sa'a da na yanayin sama.
Na nemi inda zan sa ƙyaftawar nan, babu.
Na danna na'ura.
Biyu da rabi.
Ruwa ya ɗiga kan rabin, tawadar ta baje.